Yadda Ake Tsara Yawon Buɗe Ido a Tsibiri Mai Zafi

Safiyar farko da na kwana a Paje, a gabashin tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, na fito da niyyar shiga ruwa, sai na tarar teku ya janye. Inda jiya da yamma igiyar ruwa take dukan gindin itatuwan kwakwa, yau farin rairayi ne shimfiɗe iya ganinka, kwale-kwale sun kwanta a kan haƙarƙarinsu, can nesa mata sun tsuguna a gonakinsu na ciyawar teku suna ɗaura ta a zare tsakanin turaku. Sai wajen la'asar ruwan ya dawo har bakin gaɓa. Tun daga ranar na gane cewa a tsibiri, ruwa da rana da iska su ke yanke maka abin da za ka yi da lokacin da za ka yi shi. Wanda ya tsara tafiyarsa a kansu zai ga abubuwa da yawa cikin kwana biyar. Wanda ya ƙi kuwa sai ya yi mako guda yana jiran ruwa ko yana jinyar ƙunar rana. Ga yadda ake yi, daki-daki.

Mataki na farko: zaɓi wata kafin ka zaɓi tsibiri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka sayi tikiti, ka san watan da kake da sarari, sannan ka nemi tsibirin da yanayinsa ke da kyau a wannan watan. Tsibiran ƙasashen zafi ba su da hunturu mai ƙanƙara, amma suna da damina, suna da lokacin guguwa, kuma ba lokaci ɗaya suke zuwa wa kowa ba.

A Zanzibar babbar damina daga Maris ne zuwa Mayu, sai ƙarama wajen Nuwamba da Disamba. Daga Yuni zuwa Oktoba gari a bushe yake, da ɗan sanyi-sanyi. Maldif ta fi daɗi daga Disamba zuwa Afrilu, Bali kuwa daga Afrilu zuwa Oktoba. A Morishus, tsakanin Nuwamba da Afrilu ne ake fargabar guguwar teku, a tsibiran Karebiyan kuma lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Damina ba ta hana zuwa, sau da yawa ruwan sa'a ɗaya ko biyu yake yi ya ɗauke. Matsalarta ita ce takan dama teku, ta sa masu kwale-kwale su soke fita, ta kuma gurɓata ruwa har ba ka ganin abin da ke ƙasa.

Ka duba kalandar mutanen wurin ma. A Bali akwai ranar Nyepi, yawanci cikin Maris, wadda tsibirin duka ke yin tsit na sa'a 24: ba fita, ba mota, har filin jirgin sama a rufe yake. Baƙo ma ba ya barin masaukinsa.

Mataki na biyu: takardu da lafiya

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, ka tabbatar da maganar biza a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar da kanta, ka riƙe tikitin dawowa da shaidar masauki. In daga ƙasar da ake samun cutar shawara za ka taso, katin rigakafinta ya zama yana cikin fasfonka. Ka yi inshorar tafiya, kuma ka karanta ta: da yawa ba sa biyan haɗarin babur ko na nitso sai an ƙara su musamman. Zanzibar tun Oktoban 2024 ta wajabta wa baƙi sayen nata inshorar ko da suna da wata.

Sauro kuma iri biyu ne za ka kula da su. Na maleriya da dare yake cizo, na zazzaɓin dengi da rana, musamman da hantsi da kuma gab da faɗuwar rana. Maldif, alal misali, an tabbatar ta rabu da maleriya tun 2015, amma dengi yana nan. Saboda haka man korar sauro abin shafawa ne dare da rana.

Mataki na uku: san ɓangaren da za ka sauka, ka kuma samu jadawalin ruwa

A nan ne yawancin baƙi ke yin kuskure, domin hoton otal ba ya nuna maka yadda gaɓar take bayan sa'a shida. A mafi yawan wurare teku yana cika sau biyu, ya janye sau biyu cikin sa'a 24 da kusan minti 50. Ma'ana, in yau ya cika ƙarfe huɗu na yamma, gobe sai wajen biyar saura. Wata ne ke jan ruwan. A ranakun tsayuwar sabon wata da ranakun da ya cika, wato wajen daren sha huɗu, ruwa ya fi tumbatsa, ya kuma fi janyewa nesa. Idan wata na rabi, bambancin kaɗan ne. Ko ka ɗaga kai ka dubi wata da dare, ka riga ka san irin tekun da za ka tarar da safe.

Ka saukar da manhajar jadawalin cikar teku a wayarka, ko ka tambaya a masauki, yawancinsu suna liƙa shi a allo. Sai ka raba ayyukanka gida biyu. Iyo da wasan ruwa kusa da gaɓa, sai ruwa ya cika. Tafiya a ƙasan teku don kallon ƙananan kifaye da kaguwa da taurarin teku a cikin kududdufan da ruwa ya bari, sai ya janye. In za ka yi wannan tafiyar, ka fita tun ruwa bai gama janyewa ba, ka juyo da zarar ya fara dawowa. A shimfiɗaɗɗiyar gaɓa ruwa ba ta gabanka kaɗai yake zuwa ba, yakan cika kwaruruka ta bayanka ya yanke maka hanya.

Wajen zaɓen masauki, ka tambayi abu biyu: ana iya iyo a gabansa kowane lokaci, kuma ta ina iska ke kaɗawa a watan da za ka zo? A Zanzibar, Nungwi da Kendwa da ke arewa ruwansu ba ya nisa sosai, don haka ana iyo wuni guda. Paje da Jambiani a gabas suna da janyewar ruwa mai nisa da iska mai ƙarfi, shi ya sa masu sulu a kan ruwa da laimar iska suka fi son can. Kowane tsibiri yana da ɓangaren da iska ke duka da ɓangaren da ke a fake. Mai ƙananan yara ya nemi na fake.

Shawarata, in kwanakinka sun kai shida, ka raba su: biyu a cikin gari don tarihi da kasuwa, sauran a bakin teku. Ya fi maka ka riƙa ɓata sa'o'i a mota kullum.

Mataki na huɗu: raba wuninka yadda rana take so

Kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, rana tana fitowa wajen shida ta faɗi wajen shida, kusan duk shekara, kuma da ta faɗi duhu ba ya jira. Zafinta ya fi tsanani daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma. To, sai ka ba wa teku safiya, lokacin da ruwa ke kwance kuma garau. Tsakar rana ka nemi inuwa: gidan tarihi, daji mai duhuwa, ko hutu. Yamma ta gari ce da kallon faɗuwar rana.

Kada wani ya ce maka baƙar fata ba ta ƙonewa. Tana ƙonewa, sai dai ba ta saurin nunawa, sai da dare ka ji kafaɗa na raɗaɗi, bayan kwana uku fata ta fara saɓulewa. Ka nemi man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, ka sake shafawa duk bayan sa'a biyu da kuma bayan fitowa daga ruwa. Gajimare ba ya tare ƙunar. Abin da ya fi man aiki shi ne riga mai dogon hannu ta shiga ruwa, da hula mai faɗi. Ruwan sha kuma kada gorarka ta rabu da kai, don iskar teku takan busar da gumi har ba ka sanin ruwan jikinka na ƙarewa sai ciwon kai ya kama ka.

Mataki na biyar: fita a kwale-kwale da leƙen ƙarƙashin ruwa

Wannan shi ne zuciyar tafiyar, don haka zan daɗe a kansa.

Ka shirya fitar tun jiya, ta hannun masaukinka ko kamfani mai rajista. Masu tallar yawo a bakin teku akwai na kirki a cikinsu, amma kafin ka ba kowa kuɗi ka ji amsar waɗannan: mutum nawa jirgin zai ɗauka, akwai rigar hana nitsewa ta kowa har da yara, akwai rumfa, ƙarfe nawa za a dawo, kuɗin shiga wurin da aka killace yana ciki ko daban, kuma in iska ta hana fita yaya za a yi da kuɗinka. In ka iso ka ga jirgin ya yi maƙil ko babu riguna, ka fasa. Na taɓa sauka daga wani kwale-kwale saboda riguna huɗu na ƙirga, mu kuwa mun haura goma, kuma har yau ban yi da-na-sanin kuɗin da na bari ba.

Mai jiri a ruwa ya sha maganinsa kamar rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya kafin tashi, ya zauna a tsakiyar jirgi, ya kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, ya ajiye waya.

Leƙen ƙarƙashin ruwa kayan aikinsa uku ne: tabarau mai rufe ido da hanci, bututun numfashi, da takalman iyo masu faɗi. Ga yadda ake gwada tabarau: ɗora shi a fuska ba tare da ka sa maɗaurinsa ba, ka ja iska ta hanci kaɗan. In ya manne bai faɗo ba, naka ne. In ya faɗo, nemi wani, don zai yi ta shigar da ruwa. Ka janye gashi daga gefensa, kada kuma ka matse maɗaurin da yawa. Don kada gilashin ya yi hazo, a shafa masa ɗan miyau ta ciki a ɗauraye. Ka fara gwaji a ruwan da bai wuce ƙugu ba: kwanta rubda ciki, ka sa fuska, ka yi numfashi ta baki a hankali har zuciyarka ta natsu. In ruwa ya shiga bututun, ka fesa iska da ƙarfi sau ɗaya, zai fita. Wanda bai iya iyo ba ma yana iya yi da rigar hana nitsewa, muddin ɗan jagora na kusa da shi. Kowa da abokin tafiyarsa, kuma duk bayan ɗan lokaci ka ɗaga kai ka ga inda jirgi yake, domin ruwa na tafiya da mutum shiru yana can yana kallon kifi.

Abin da za ka gani a ƙasa, wato murjani, mutane da yawa suna ɗaukarsa dutse. Halitta ce mai rai, dubban ƙananan dabbobi ne suka haɗu suka gina gida, kuma manyan dunƙulallun nan kamar santimita ɗaya kacal suke ƙaruwa a shekara. Taku ɗaya na takalmin iyo yana karya ginin shekaru. Kada ka tsaya a kansa, kada ka dafa shi, in ka gaji ka juya rigingine ka huta. Kada ka ciyar da kifi, kada ka ɗaga tauraron teku daga ruwa don hoto, a cikin ruwa yake numfashi. Har man shafawarka yana da tasiri: tsibiran Palau tun 2020, na Hawai kuma tun 2021, sun hana sayar da man kariya daga rana mai wasu sinadarai da ke cutar da murjani.

Haka batun dolfin da kunkurun teku. In matuƙi yana bin su da gudu yana yanke musu hanya, ka ce masa ya bari. Jirgin da ya rage inji ya tsaya nesa kaɗan, shi dabbobin suka fi kusanta, kuma sun fi daɗewa a wurin.

Mai son nitso da tukunyar iska ya nemi makaranta mai lasisi, irin masu shaidar PADI, ƙungiyar horar da masu nitso. Gwajin yini ɗaya ba ya wuce zurfin mita 12, cikakken kwas na farko kuma kwana uku zuwa huɗu ne, yana ba ka izinin mita 18. Za a ba ka takardar tambayoyin lafiya, ka cika ta da gaskiya, musamman in kana da asma ko ciwon zuciya ko matsalar kunne. Babbar doka a ƙasa ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi kana tasowa sama.

Mataki na shida: san abin da ke cutarwa a bakin teku

Abin da ya fi halaka masu iyo shi ne jan ruwa, wata siririyar hanya da ruwan da igiya ta kawo gaɓa ke bi ya koma teku da gudu. Abin takaici, wurin ya fi ko'ina kama da lafiya: ruwan ya fi duhu, igiya ba ta fashewa a nan, sai dai ka ga kumfa ko ciyawa na tafiya ciki. In ya ɗauke ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman gaɓa kai tsaye, ƙarfinka zai ƙare. Ka bar jikinka ya taso, ka yi iyo ta gefe, kana bin tsawon gaɓa har ka fita daga cikinsa, sannan ka nufo tudu. In ka kasa, ɗaga hannu ka yi kira. Inda akwai masu ceto, a yi iyo tsakanin tutoci masu ja da rawaya. Jar tuta zalla, ba shiga.

Takalmin roba na ruwa yana rage maka haɗari daga bushiyar teku mai ƙaya da kifin nan mai kama da dutse, mai dafi a bayansa. In aka taka ɗayansu, a tsoma ƙafar cikin ruwan zafi daidai yadda fata za ta jure, a nufi asibiti. Kada ka ɗauki katantanwa mai siffar mazurari da zane mai kyau, wasunsu harbinsu na kisa. In halittar nan mai kama da leda, mai jan zaruruwa, ta harbe ka, kada a murza wurin, kada a zuba ruwan sha. A wanke da ruwan teku, a kira masu ceto, su suka san irin da ke yankinsu da ko ruwan khal ya dace da shi.

Abu ɗaya kuma da nake so ya zauna maka. Janyewar teku ta kullum a hankali take, cikin kusan sa'a shida. In ka ji ƙasa ta girgiza, ko ka ga ruwa ya zuƙe cikin 'yan mintuna har kifi na birgima a fili, kada ka tsaya kallo, kada ka koma ɗaukar kaya. Ka gudu tudu ko saman dogon gini mai ƙarfi. Haka teku ya yi a gaɓoɓi da dama ranar 26 ga Disamban 2004 kafin ambaliyar tsunami ta Tekun Indiya, wadda ta kashe mutum sama da 200,000.

Mataki na bakwai: juya wa teku baya na kwana ɗaya ko biyu

Wanda bai shiga cikin tsibiri ba, gefensa kawai ya gani. A Zanzibar akwai tsohon birni, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, da lungunansa da ƙofofinsa na katako masu sassaƙa. A nan ne cocin Angilika yake, a kan filin tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873. Ka je da natsuwa, ka ɗauki ɗan jagora, wurin yana da nauyi. A gonakin kayan ƙamshi za a murza maka ganye a hannu a ce ka canka, ka ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin bishiyarsu. A dajin Jozani akwai jan biri da ba a samun irinsa a wajen tsibiran Zanzibar, a tsibirin Changuu kuma manyan kunkuru da aka kawo kakanninsu daga Seshel a 1919.

A Seshel ɗin, kurmin Vallée de Mai da ke tsibirin Praslin shi ne gidan kwakwar da irinta ya fi na kowace bishiya girma a duniya, tsibirin La Digue kuma da keke ake zagaya shi. A Morishus akwai dutsen Le Morne, mai tsayin mita 556, inda bayin da suka tsere suka riƙa fakewa. A Bali masu hawan dutsen Batur, mai mita 1,717, tun wajen ƙarfe huɗu na asuba suke farawa don fitowar rana ta same su a sama. Duk hawan dutse ko shiga daji, a tafi da takalmi mai kama ƙasa da ɗan jagora, a kuma dawo kafin duhu. Inda birai suka saba da mutane, kamar Uluwatu a Bali, tabarau da waya su shiga jaka, abinci kuma kada a nuna shi.

Baƙo ko da ido makaho ne, saboda haka ka dubi yadda mutanen gari suke ka bi. Kayan wanka na bakin ruwa ne, in za a shiga ƙauye ko kasuwa ko wurin ibada a rufe kafaɗa da gwiwa. Ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum hoto, yara kuwa sai da yardar iyayensu. Ka koyi gaisuwarsu ko da kalma uku ce.

Mataki na takwas: zirga-zirga

A Zanzibar da Morishus da Seshel da Bali duk ta hagu ake tuƙi. Zanzibar tana buƙatar takardar izinin tuƙi tata bayan lasisinka. Wanda bai ƙware da babur ba kada ya koya a tsibiri, hanyoyin da yashi, da kwana, da dabbobi. In ka yi haya, hular kwano dole, kuma ka ɗauki hoton abin hawan ta kowane gefe a gaban mai shi. Da ɗan tasi a gama ciniki kafin a shiga. Jirgin ruwa tsakanin tsibirai, kamar na Darussalam zuwa Zanzibar mai cin kusan sa'a biyu, na safe ya fi kwanciyar ruwa.

Mataki na tara: kwana biyun ƙarshe

Kada ka bar babbar fitar teku sai ƙarshe. Ka sa ta a rana ta biyu ko ta uku, yadda in iska ta hana za a iya ɗagawa. In ka yi nitso da tukunyar iska, ba a hawa jirgin sama sai bayan aƙalla sa'a 12 in sau ɗaya ka yi, sa'a 18 in ka maimaita, kuma yawancin malaman nitso cewa suke a bar sa'a 24 cif, don iskar naitirojin da ta taru a jini ta gama fita. In kana wani ƙaramin tsibiri, ka dawo wanda filin jirgi yake tun ana gobe tafiya, saboda jirgin ruwa na iya fasa tashi.

Ranar ƙarshe ta tsaraba ce. Ka sayi kayan ƙamshi, saƙa, sassaƙa da zane daga hannun masu yin su. Ka bar murjani da ƙoƙon kunkurun teku da manyan katantanwa ko da an shimfiɗa su a kasuwa, yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa, mai kare namun daji da tsirrai daga cinikin da zai ƙarar da su, ta hana ko ta taƙaita fitar da yawancinsu, kuma jami'an kwastan suna ƙwacewa har su ci tara. Ko kwakwar Seshel sai mai lamba da takardar izini ake fita da ita. Kayan ruwa kuma ka ɗauraye su da ruwan famfo ka shanya tun da safe, gishiri na cin zif da roba, jiƙaƙƙen kaya kuma yana ƙara wa jaka nauyi a kan sikeli.